MAI WURNO: YADDA MUHAJIRAN BURMI SUKA KAFA GARI A BAKIN KOGIN NILU

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah (SWT), tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Bayan haka, laccarmu ta yau a kan wani ƙaramin gari ne a ƙasar Sudan mai suna Mai Wurno, wanda kakanninmu suka kafa. Da yawa daga cikinmu mun san labarin Burmi, amma mukan tsaya a inda aka yi shahada, ba ma bin sawun waɗanda suka rayu, alhali a wajensu ne darasin ya fi yawa.

A watan Maris na 1903 ne sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Ra'ayin malamai ya kasu biyu. Waziri Buhari ya ga a zauna tare da talakawa don kada a bar su ba mai kula da addininsu, ya kuma rubuta hujjojinsa. Shi kuwa Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya zaɓi hijira, bisa koyi da Shehu Usmanu wanda ya bar Degel zuwa Gudu a 1804. Ya nufi gabas, jama'a suna barin gonakinsu suna bin sa, har Nasara suka cim masa a Burmi, cikin jihar Gombe ta yau. A ranar 27 ga Yuli, 1903 ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa. Allah Ya jiƙan su.

Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Wurno, shi ya ja ragowar jama'ar. Suka bi tsohuwar hanyar alhazai, suka keta ƙasar Chadi ta yau, da mata da yara da tsofaffi, a ƙasa da bisa dabbobi. Wajen 1906 suka isa yankin Sinnar, a bakin reshen Nilu da Larabawa ke kira An-Nilul Azraƙ, wanda ya gangaro daga Habasha. A nan suka iske ƙauyen Shaikh Ɗalha, inda Fulani 'yan uwansu suka daɗe da zama, suka sauka. Daga baya suka sari nasu wurin a ɗaya gaɓar kogin, garin ya ɗauki sunan jagoransa.

To a nan akwai abin lura, 'yan uwa. Mutanen da suka bar gida don gudun mulkin Ingila, sai suka tarar Ingila ta riga su zuwa, domin tun 1898 ta rushe daular Mahadi a Omdurman. Ashe ke nan babu sauran inda za a gudu. Tambayar da ta fuskanci Waziri Buhari a Sakkwato ita ce ta biyo Mai Wurno har bakin Nilu: yaya Musulmi zai tsare addininsa a ƙarƙashin ikon da ba shi da ƙarfin kawar da shi? Mai Wurno ya karɓi izinin zama daga hukumar, ita kuma ta amince da shugabancinsa a kan jama'arsa. Wannan ya isa ya hana mu saurin yanke hukunci a kan magabata, ko wanda ya tafi ko wanda ya zauna.

Me ya raya garin? Muna ganin abubuwa uku ne.

Na farko, jagoranci guda. Baƙo idan ya sauka ya san ƙofar da zai nufa, a ba shi fili, a nuna masa gona, idan rigima ta taso a san mai raba ta. Saboda haka alhazai masu tafiya Makka a ƙasa suka mai da garin zango. Wani ya sauka don ya nemi guzuri na damina ɗaya, sai ya yi aure, ya haihu, ya zama ɗan gari. Da wuri ya cika, sai aka riƙa kafa sababbin ƙauyuka a bakin kogin ta kudu, suna komawa ga Mai Wurno.

Na biyu, aikin hannu. Waɗannan mutane a cikinsu akwai 'ya'yan sarauta da malamai, amma daji ba ya sanin asali. Suka sare itatuwa, suka shuka dawa da riɗi, suka yi lambu a bakin ruwa. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira, wanda ya buƙaci hannaye masu yawa. Hausawa da Fulani da Barebari suka zama ƙashin bayan ƙwadagon. Ba za mu ɓoye ba, Turawa sun ci moriyar guminsu, amma da wannan gumin ne suka tsare mutuncinsu daga roƙo.

Na uku, masallaci da makarantar allo. Su ne suka haɗa Bafulatani da Bahaushe a sahu ɗaya, su ne kuma suka zama gada tsakaninsu da Larabawan da suka tarar. Yaro ya tashi da Fillanci ko Hausa a gida, da Larabci a makaranta da kasuwa.

Duk da haka jarrabawa ba ta ƙare ba. Mutanen Sudan suna kiran duk wanda ya fito daga yamma Fallata ko Takari, sau da yawa da sigar raini. Bayan samun mulkin kai a 1956, dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta gindaya sharaɗin cewa asalin mutum ya kasance a Sudan tun ƙarshen 1897. Ku duba lissafin: jama'ar Burmi sun makara da 'yan shekaru kaɗan. Sai ga wanda aka haifa a bakin Nilu, mahaifinsa ma a nan yake kwance, yana shan wahalar samun takarda a ƙasar Musulmi 'yan uwansa. Dokar 1994 ta sassauta, ta mai da sharaɗin zuwa 1956. Sannan yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya kai jihar Sinnar a 2024, ya sake tayar da dubban mutane daga gidajensu.

Wannan shi ne wurin da ya kamata mu juyo da fitilar kanmu. Muna jin zafi idan aka kira jikan Attahiru baƙo bayan shekara ɗari. To yaya muke yi da wanda rikici ko fari ya koro zuwa garuruwanmu? Akwai waɗanda suka kafa bukkoki a bayan gari, 'ya'yansu ba sa cikin Islamiyyoyinmu, ba mu taɓa tambayar su inda suke samun ruwa ba. Mutanen Shaikh Ɗalha ba su tambayi muhajirai takarda ba kafin su sauke su. Muna kira ga kowane reshe da ya ƙidaya irin waɗannan baƙi da ke yankinsa, ya tura musu malami, ya yi musu magana wajen mai unguwa a kan gonar aro kafin damina ta faɗi.

Allah Ya gafarta wa magabatanmu, Ya kawo wa mutanen Sudan zaman lafiya, Ya ba mu ikon aiki da abin da muka ji. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.