Zazzaɓin Da Ya Ƙi Ci Ya Ƙi Cinyewa: Jawabi Ga Taron Makiyaya A Njamena

Shugaban taro, ardo-ardonmu, iyayenmu mata da 'yan'uwana makiyaya, ina yi muku barka da zuwa, musamman waɗanda suka taso daga Durbali da Masaget.

An ce in yi magana a kan lafiya. Ni ba likita ba ne, karatuna a firamare ya tsaya. Abin da zan faɗa, na koye shi ne a bakin ƙofar asibiti, ina jinyar ƙanena.

Shekara uku ke nan da zazzaɓi ya kama shi, ya tafi ya dawo, ga zufa da dare, ga ciwon gwiwa da ƙugu. Sau uku ana ba shi maganin cizon sauro a wani ƙaramin asibiti ba tare da an ɗibi jininsa ba. Da muka gaji, sai baffanmu ya ɗauko kwalbar Terramycin da muke yi wa shanu allura, ya yi masa. Kada kowa ya yi dariya, na san a zauren nan akwai waɗanda suka yi haka. Ya ɗan ji sauƙi na kwana goma, ciwo ya dawo, wurin allurar kuma ya kumbura.

Sai da ya kasa bin shanu sannan muka kawo shi Njamena. Likitan da ya duba shi ya yi tambayar da ba wanda ya taɓa yi mana: shanunku suna ɓari? Muka ce uku sun yi a daminar nan, kuma shi ne ya ciro mabiyiya da hannunsa. Aka auna jini, aka ce bakkale ne. Jama'a, bakkalen nan da muke gani a gwiwar saniya yana kama mutum, ta ɗanyar madara da ta taɓa ɓarin dabba. Maganinsa ƙwaya iri biyu ne, a sha mako 6 ba fashi.

Amma kafin a ba shi, sai da aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka auna majinarsa. Na tambayi dalili, don a lokacin gani nake cin kuɗi ne kawai. Likitan ya ce ɗaya daga ƙwayoyin, wato rifampisin, ita ce kuma jigon maganin tarin fuka. In mutum yana da tarin a ɓoye aka ba shi ita ba tare da sauran 'yan'uwanta ba, ciwon zai saba da ita, gobe ta daina yi masa aiki. To, mai tebur a kasuwa ina ya san wannan? Shi dai ya ƙirga maka ƙwaya ya karɓi kuɗinsa.

Tarin fukan nan shi ya fi damuna. Duk wanda ya wuce mako 2 yana tari, yana rama, a kai shi awo. Wani ma ba tari zai yi ba, kumburi ne zai fito masa a wuya, kuma irin na shanu yakan zo da haka. Gwamnati tana ba da maganin kyauta, amma wata 6 ake sha: wata 2 na farko magani iri huɗu, sauran wata 4 iri biyu. A nan ne mu makiyaya muke faɗuwa. Mutum ya sha wata biyu, ya ji ƙarfi, ruwa ya janye, ruga ta tashi ta yi kudu, shi ma ya bi. Wani kuma ya ga fitsarinsa ya yi ja ya tsorata ya watsar, alhali aikin ƙwayar ne, ba jini ba ne. Ciwon da ya dawo bayan haka ya fi na farko wuyar magani nesa ba kusa ba.

Ba laifinmu kaɗai ba ne. An gina asibiti don mai zama wuri ɗaya. A 1999 da 2000 masu bincike daga ƙasar Siwizalan tare da ma'aikatan ɗakin binciken dabbobi na Farsha sun zaga rugagen Fulani da na Larabawa a Shari-Bagirmi da Kanem. Sun tarar shanu sun sami rigakafi, amma ba su sami yaro ko ɗaya da ya cika nasa ba. Daga shekarar 2000 aka fara haɗa likitan dabbobi da na mutane a mota ɗaya, a yi wa garke da yara rana guda. Da aka zo mana har ruga, ai mun fito. Wannan ya kamata ardo-ardonmu su riƙa tuna wa hukuma duk inda suka zauna da ita.

Ƙwararrun likitoci kuwa yawancinsu a Njamena suke. Akwai babban asibitin ƙasa, akwai Asibitin Uwa da Yaro, akwai Bon Samariten a Waliya, akwai kuma cibiyar da ake yi wa mata aikin yoyon fitsari. Iyayenmu mata, wannan taku ce: yarinyar da ta daɗe tana naƙuda har fitsari ya riƙa zuba mata, ba iska ba ce, ana ɗinkewa. Kada a ɓoye ta a bayan bukka.

In za ku zo, ku fara biyawa ta ƙaramin asibiti ku karɓi takardar turawa. Ku zo da kwalin duk maganin da aka sha, har na shanun, kada kunya ta hana. Ku faɗi abin da ya sami garke ko ba a tambaye ku ba. Wanda bai ji Larabci ko Faransanci ba, ya nemi mai rakiya. Madara kuma a tafasa, ko da yake na san Inna za ta ce ɗanya ta fi garɗi.

Wanda yake da mai shan maganin tari a rugarsa, kuma zai tashi bayan kaka, ya same ni in an tashi daga taro. Za mu je tare a rubuta masa takardar canjin wuri, da sunan asibitin da ke kan burtalinsa, don ya ci gaba da karɓa a can.