Idan Tsohuwa Ta Faɗi: Jawabin Kwamitin Walwala a Taron Cika Shekara

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, sannunku da zuwa, musamman waɗanda sunka taso da sassafe daga Rabah da Goronyo zuwa nan Wurno.

Ma'aji ta karanta lissafin shinkafa da albasa, mun ji daɗi. Mu kuwa maganar da anka ba mu ta tsofaffinmu ce, da faɗuwar da suke yi cikin gida.

A daminar bana, mahaifiyar ɗaya daga cikinmu ta tashi alwalar asuba, ta zame a bakin makewayi. Aka ce targaɗe ne, aka kira mai ɗori ya shafa ya ɗaure. Kwana tara tana kwance. Sai da ta bar cin abinci sannan anka kai ta sashen gaggawa a Sakkwato, hoto ya nuna ƙashin ƙugu ya karye. Da munka tambayi ɗiyarta abin da ya tsai da ita, ta ce kuɗin mota. Ga mu da asusu! Kunyar nan tamu ce duka.

Ba mu raina masu ɗori ba, amma ƙashin ƙugu yana can ƙarƙashin tsoka, inda kara da tsumma ba su kai. Mace in al'ada ta ɗauke mata, ƙashinta yana rage ƙarfi shekara bayan shekara. Shi ya sa faɗuwar da jika zai yi ya tashi yana dariya, ita ke karya kakarsa. Doguwar kwanciyar kuma ita ke jawo gyambon baya da ciwon huhu, ko jini ya daskare a ƙafa. In Inna ta kasa taka ƙafa, ko ƙafar ta gajarce ta juya waje, kada a ja, kada a tilasta mata tsayuwa. A nemi mota ranar.

Buguwar kai ta fi yaudara. Tsohuwa za ta tashi ta ce lafiya lau, alhali jini yana tsiyaya a hankali cikin ƙoƙon kai. Bayan kwanaki, har makonni, sai rikicewa, yawan barci, amai. Mu kuma sai mu ce tsufa ne, ko iska. A kai ta asibiti, a kuma tuna a gaya wa likita ta faɗi, ko da an daɗe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 duk shekara, waɗanda sunka haura shekara 60 ne sunka fi yawa.

Ku duba gidajenku yau. Igiyar akuya a tsakar gida, dokin ƙofa, santsin bakin rijiya, silifas da ya suɗe. A aje mata tocila kusa da shimfiɗa. Mai shan maganin hawan jini ta ɗan zauna bakin gado kafin ta miƙe, don jiri. Mai yanar ido a kai ta a duba, ana cire ta. Goggo, sanda ba abin kunya ba ce, mun san wasunku ɓoye ta kuke yi in za a biki.

Roƙonmu ɗaya: a ware wani abu daga ribar bana domin kuɗin motar gaggawa, a damƙa wa mace ɗaya a kowane gari, mai waya a kunne ko da tsakar dare. Shugaba za ta sa a ɗaga hannu bayan an ci abinci.