Yarjejeniyar Ginin Gida da Kuɗin da Ƙasa Take Ci

Yarjejeniyar ginin gida takarda ce da take ɗaure mutum biyu, mai filin da zai biya da ɗan kwangilar da zai gina. A biranen arewacin Najeriya iri biyu aka fi yi. Akwai jinga, inda mai gida yake sayo siminti da rodi da bulo da kansa, birkila da kafinta su karɓi kuɗin hannunsu kawai. Akwai kuma kwangilar aiki da kaya, inda ake miƙa wa ɗan kwangila zane, ya yanke kuɗi a dunƙule, a sa ranar ba da makulli. Ta biyun ta fi haifar da rigima. Kuɗin da ake yankewa a dunƙule yawanci na abin da ido yake gani ne a zane, wato ɗakuna da falo da rufi da fenti. Zane ba ya nuna abin da ke kwance ƙarƙashin ƙasa, sau da yawa ma mai zanen bai taɓa taka filin ba.

Kafin a kai ga batun kuɗi, sai an tabbatar da filin kansa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamnan jiha, shi ke ba da takardar shaidar mallaka da aka fi sani da C of O, galibi ta shekara 99, kuma sayar da irin wannan fili yana buƙatar amincewarsa. Takardar ciniki mai ɗauke da hannun mai unguwa da shaidu tana da amfaninta, amma ba ta maye gurbin wannan. Bayan haka sai izinin gini daga hukumar tsara birane, kamar KNUPDA a Kano. Kuɗin izini da na safiyon da zai kafa duwatsun iyaka su ne farkon abin da fili yake ci, kuma yarjejeniya da dama ba sa faɗin wanda zai biya su.

Abin da ake kira kuɗin fili a harkar gini shi ne duk abin da za a kashe kafin ƙasa ta yarda ta ɗauki gida. Manomi ya daɗe da sanin cewa jigawa daban, fadama daban, fako daban, marmara daban. Mai gini ya fi shi buƙatar wannan sani, domin manomi yana iya sake shuka baɗi, harsashin gini kuwa sau ɗaya ake zuba shi. A kan marmara mai ƙarfi, tushe na yau da kullum ya wadatar: a haƙa rami tsawon layin bango, a zuba kankare, a ɗora bulo mai inci 9. A baƙar lakar nan da Barebari suke kira firki, wadda ta mamaye yankin Dikwa da Ngala da Marte, ake kuma samun irinta a wajen Numan da wasu sassan Gombe, labari ya sha bamban. Tana kumbura da damina ta ɗaga bango, da rani ta bushe ta dare har hannu ya shiga tsagar. Gidan da aka yi wa tushe na yau da kullum a kanta, kafin damina biyu ko uku ƙofofinsa sun daina rufuwa, tsaga ta taso daga kusurwar taga ta nufi linta. Maganinsa ko dai a kwashe lakar a maye gurbinta da marmara, ko a zuba shimfiɗar kankare mai rodi a ƙarƙashin gidan gaba ɗaya. Kowanne aka zaɓa, kuɗin tushe ya tashi ƙwarai.

Tsofaffin birane suna da nasu tarkon. Kududdufan Kano ramuka ne da kakanni suka haƙa suna ɗibar ƙasar tubali. Da birni ya cika, aka riƙa cike su da shara da ɓaraguzai, aka yanka su filaye. Daga sama wurin shafe yake, har da ciyawa. Leburan da ya sa diga kuwa, kafin ramin ya kai ƙugunsa ya fara fito da leda da tsumma da baƙar ƙasa mai wari, wani lokaci ruwa ya tsattsafo. Irin wannan ƙasa tana ci gaba da zama shekara da shekaru, gini kuma yana binta. A Jos da wasu unguwannin Abuja matsalar akasin haka ce, dutse ake tararwa, sai an kawo injin fasa shi.

Ciko ma yana cin kuɗi fiye da yadda ake zato, lissafinsa kuma ba wuya. Fili mai ƙafa 50 da 100 ya kai kusan murabba'in mita 450. Idan titi ya fi shi tudu, ana son a ɗaga shi rabin mita don kada ruwan kwata ya riƙa shigowa zaure, ana buƙatar ƙasa kubik mita 225. Tifa mai ɗaukar kubik mita 10 sai ta yi sawu fiye da 20, kafin a lissafa abin da dandaƙewa za ta rage. In layin ya yi ƙunci, tifa ba ta iya shiga, sai a sauke a bakin titi, masu baro su yi jigila, wannan ma kuɗi ne. Ga ruwan kwaɓa siminti da jiƙa bulo, ko na 'yan garuwa ko na tanka ko rijiyar burtsatse. Ga ramin masai da sokawe, ga katanga, ga turakun jawo wuta, ga albashin mai gadin kaya.

Hanyar gane yawancin wannan tun da wuri ita ce gwajin ƙasa. Injiniya yana sa a haƙa ramukan gwaji a wurare biyu ko uku na filin, ya ɗauki samfuri, ya rubuta nauyin da ƙasar za ta iya ɗauka da irin tushen da ya dace da ita. Kuɗinsa kaɗan ne idan aka gwada shi da na gyaran bangon da ya tsage, amma abin takaici shi ake fara yankewa in ana neman sauƙi. Ya kamata a yi shi kafin a yanke farashi, a maƙala sakamakonsa a jikin yarjejeniya.

Daga nan ne bitar takardar yarjejeniyar take samun ma'ana, kuma aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Lauya yana duba wanda ake ƙulla yarjejeniyar da shi, ko kamfanin yana da rajista, da abin da zai faru idan wani ya saɓa. Injiniya mai rajista da COREN yana duba ko tushe da ginshiƙai da girman rodi sun dace da ƙasar. Masanin ƙididdigar gini, wanda aka fi mantawa da shi, yana bin jadawalin kaya layi-layi, ya auna shi da zane: bulo nawa, buhun siminti mai kilo 50 nawa, rodi mai milimita 12 ko 16, kwanon rufi mai wane kauri. Shi ke gano inda aka rubuta “tayil mai kyau” ba a faɗi iri ko girma ba, da inda aka sa kuɗin wucin gadi. Kuɗin wucin gadi adadi ne da ake ajiyewa don aikin da ba a san iyakarsa ba tukuna, kuma a ƙarƙashinsa ake yawan ɓoye aikin ƙasa. Ɗan kwangila mai son cin kwangila yana iya sa adadi ƙarami a nan don jimillarsa ta fi ta kowa araha, bayan an haƙa rami ya dawo da sabon lissafi, a lokacin da mai gida ba shi da hanyar ja da baya. Takarda mai kyau tana faɗin zurfin tushen da farashin ya ƙunsa, ta kuma yanke kuɗin kowane ƙarin kubik mita na haƙa ko ciko ko fasa dutse tun kafin a soma.

Sai batun tashin farashi. A watan Fabrairun 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, alhali watanni kaɗan kafin nan bai wuce rabin haka da yawa ba. Gine-gine masu yawa sun tsaya a linta a lokacin. Dole yarjejeniya ta bayyana ko farashinta tsayayye ne, ko kuwa yana bin kasuwa, in yana bi kuma a kan waɗanne kaya, da wace shaida. Haka nan duk canjin da mai gida ya nema, ko da matsar da taga ne, a rubuta shi da kuɗinsa kafin a taɓa bulo. “Ai mun yi magana” ba ta tsayawa a gaban alƙali. Masu ganin rubutu tsakanin 'yan'uwa ko aminai rashin yarda ne, sai su tuna aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Biyan kuɗi ya bi aikin da aka gama, mataki-mataki: tushe, linta, rufi, filasta, kammalawa, kowanne bayan wani masani da ba ya cin albashin ɗan kwangila ya duba ya sa hannu. Kuɗin somin aiki kada ya yi yawa. Ko gwamnati, a dokar ba da kwangila ta 2007, kashi 15 cikin ɗari ta fara ƙayyadewa. Al'adar masu gini ce a riƙe kashi 5 cikin ɗari na kowane biya, a saki rabinsa ranar karɓar makulli, sauran bayan wa'adin gyaran aibi, wanda yawanci wata shida ne. A arewa ya fi dacewa a rubuta cewa wa'adin sai ya ratsa damina guda cikakkiya, domin yoyon rufi da zaman ciko ba sa bayyana a watan Janairu. Sashe na ƙarshe ya faɗi tarar jinkiri ta kowane mako, da sharuɗɗan soke kwangila, da sunan ofishin ko muƙamin wanda za a kai wa saɓani ya sasanta kafin a je kotu.