Ɗakin Gwaji a Cikin Ɗigon Ruwa

Yau zancenmu a kan wani fannin kimiyya ne mai suna maikurofuluwidik, watau sarrafa ruwa cikin magudanai masu sirantaka kamar gashin kai, waɗanda aka tsaga a jikin ɗan allon roba da bai fi akwatin ashana girma ba.

Farfesa David Weitz na Jami'ar Harvard ta Amurka masanin fizika ne, amma a ɗakin bincikensa da masu ilmin sinadarai da na halittu duk tare suke aiki. Dabararsu ita ce su yayyanka ruwa ɗigo-ɗigo a cikin mai, kowane ɗigo ya kulle ƙwayar halitta guda, ya zama kwalbar gwaji mai zaman kanta.

Abin da suka nema kuwa shi ne inzayim mai ƙarfi. Inzayim sinadari ne mai gaggauta aiki. Irinsa ne a yawun bakinka yake mai da gasara sukari. A 2010, tare da Farfesa Andrew Griffiths da ke Faransa, suka yi gwaji wajen miliyan 100 a kan ƙwayoyin yisti cikin awa 10. Ruwan sinadarin da suka kashe bai wuce ɗigo uku ba! Sa'an nan suka tsamo inzayim da ya ninka na asali sauri sau 10.

Inda abin ya fi shafarmu shi ne asibiti. Kafin a gane maganin da zai kashe ƙwayar cutar majinyaci akan jira kwana biyu ko uku, likita kuwa dole ya fara magani bisa zato. Da irin waɗannan ɗigogi masana suke ƙoƙarin mai da jiran ya zama na 'yan awoyi.