Awa Uku A Gidan Kayan Tarihi Na Kapitol A Birnin Rum



Muna godiya ga ƙungiya da ta ba mu wannan dama mu tsaya gabanku mu ba da labarin wata ziyara da muka kai, mu biyar, a lokacin da muka sami zuwa ƙasar Italiya cikin dogon hutun da ya wuce. Ba za mu cika ku da labarin jirgi da masauki ba. Za mu tsaya ne a kan awa uku kacal da muka yi a gidan kayan tarihi na Kapitol a birnin Rum, da kuma abin da muka fito da shi daga ciki, wanda muke ganin ya shafi kowane ɗayanmu, musamman waɗanda suka riga suka kama aikin gwamnati da waɗanda ke shirin kamawa.

Da fari sai da muka yi gardama a tsakaninmu a kan ɗaukar jagora. Biyu daga cikinmu suka ce kuɗin ya yi yawa ga aljihun ɗalibi, gara mu sayi tikiti mu shiga mu karanta 'yan allunan bayani da kanmu. Sauran uku suka ce da ɗan gari akan ci gari. Daga ƙarshe muka yi karo-karo, muka haƙura da abincin dare na kirki har kwana biyu, muka ɗauki wata mata mai takardar izinin wannan aiki, wadda ta karanta ilimin haƙar kayan tarihi. Sharaɗin shi ne mu kaɗai za ta zaga da mu, kuma muna da ikon tsayar da ita a ko'ina mu yi tambaya. Wannan sharaɗi na biyu shi ne abin da muka saya da kuɗinmu, gama mun ga ayarin mutane talatin suna bin jagora ɗaya da sauri, ba wanda ya sami zarafin buɗe baki.

Gidan yana kan tudun Kapitol, ɗaya daga cikin tuddai bakwai da aka gina tsohon birnin a kansu. Asalinsa ya faro ne a shekarar 1471, sa'ad da Paparoma Sistus na 4 ya ba mutanen birnin kyautar waɗansu tsofaffin siffofi na tagulla. A 1734 aka buɗe shi ga jama'a, don haka ake lissafa shi cikin gidajen kayan tarihi mafi daɗewa a duniya. Filin da ke gabansa kuwa Maikalanjelo ne ya tsara shi.

A tsakiyar wannan fili akwai siffar wani sarki a kan doki. Mun fara ɗaukar hoto ke nan sai jagorar ta ce mu dakata, wannan kwafi ne da aka kafa a 1997, na ainihin yana ciki. Da muka isa gabansa, a wani zaure mai rufin gilashi, sai muka ga dalilin da ya sa ake maganarsa. Tsayinsa ya haura mita 4, an zuba shi da tagulla, har yanzu akwai sauran ruwan zinariya a fuskar mahayin da jikin dokin. Sarki Markus Awreliyus ne, wanda ya yi mulki daga shekarar 161 zuwa 180. Ɗaya daga cikinmu, wanda ya tashi a gidan dawaki, shi ya fara lura cewa ƙafafun sarkin suna reto, babu likkafa. Jagorar ta tabbatar masa cewa Rumawan wancan zamani ba su san likkafa ba, sai bayan ƙarnuka ta iso Turai daga gabas.

Sa'an nan muka yi tambayar da ta buɗe mana ido: ina sauran irinsa? Ta ce wani tsohon lissafi na ƙarshen zamanin daular ya nuna akwai manyan siffofin dawaki 22 a birnin. Duk an narkar da su, domin tagulla dukiya ce, ana yin kuɗi da makamai da ƙararrawa da ita. Wannan ɗaya ya tsira ne saboda kuskure. Mutanen tsakiyar zamani sun ɗauka siffar Kwanstantin ce, sarkin farko da ya karɓi addinin Kirista, don haka suka ji nauyin sa ta a wuta. A 1538 aka kawo ta tudun Kapitol, ta zauna a waje har 1981, lokacin da aka ga hayaƙin birni da ruwan sama suna cin tagullar, aka ɗauke ta don gyara. Watau da an san sunan mai ita na gaskiya tun farko, mai yiwuwa da yau ba mu da abin da za mu tsaya mu kalla.

Shi kansa Kwanstantin, wanda sunansa ya ceci siffar wani, tasa ba ta tsira ba. A farfajiyar gidan muka tarar da gutsattsarinta jingine da bango: kai na farin dutse mai tsayin kimanin mita biyu da rabi, da hannu mai yatsa a miƙe, da gwiwa, da tafin ƙafa wanda ya fi tsayin mutum a kwance. An tono su a 1486 daga kangon wani babban ɗakin shari'a. Jagorar ta bayyana mana cewa kai da hannuwa da ƙafafu ne kaɗai aka sassaƙa da dutse, gangar jikin kuwa tubali ne da katako aka lulluɓe da tagulla. Masu neman tagulla suka kwashe rabonsu, sauran ya rushe. Ta ƙara da cewa ko farin dutsen ma bai kasance cikin aminci ba, domin shekaru aru-aru mutanen birnin suna farfasa siffofi suna ƙona su a tanderu don samun farar ƙasar gini. Ba abokan gaba ne suka yi yawancin wannan ɓarna ba, jikokin masu kayan ne, suna neman abin gina gidajensu.

Daga nan muka hau bene zuwa ga abin da ya fi kome suna a gidan, wato siffar macen kyarkeci da jarirai biyu suna shan nononta. Bisa ga tatsuniyar Rumawa, ita ce ta shayar da Romulus da Remus, tagwayen da aka ce sun kafa birnin a shekarar 753 kafin haihuwar Annabi Isa. Littattafai da yawa sun rubuta cewa an zuba ta tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa. Jagorar ta ce jariran dai an san ƙari ne da aka yi a ƙarshen ƙarni na 15. Ita kanta uwar, a 2006 wata masaniya da ta yi aikin gyaranta ta nuna cewa hanyar da aka bi wajen zuba ta irin ta tsakiyar zamani ce, kuma gwajin kimiyya da aka yi daga baya ya nuna ƙarni na 11 ko na 12. Har yanzu akwai masanan da ba su yarda ba. Muka tambaye ta ko wannan bai kunyata mutanen birnin ba, tun da siffar ita ce tambarinsu. Ta yi dariya ta ce gara a san gaskiyar shekarunta da a ci gaba da yi mata ƙarin shekara dubu da ɗari biyar. Mun ɗauki wannan a matsayin darasi ga duk mai karatun tarihi: abin da aka buga a littafi ma yana bukatar a sake auna shi.

A ɗaya ginin akwai siffar da ta fi taɓa zuciyarmu. Wani mayaƙi ne daga ƙabilar Gol, zaune a kan garkuwarsa, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, kansa a sunkuye, jini na fita daga rauni a ƙirjinsa. Akwai ƙarfen ado a wuyansa, takobinsa da ƙahonsa na busa suna yashe a gefe. Asalin siffar ta tagulla ce, an yi ta a birnin Fargamon, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, wajen shekara 230 zuwa 220 kafin haihuwar Annabi Isa, don tunawa da nasarar da sarkin wurin ya samu a kan waɗannan mutane. Ta tagullar ta ɓata, wadda muka gani kwafi ce ta dutse da aka sassaƙa wa Rumawa. Abin mamaki shi ne wanda ya ci yaƙi ne ya biya kuɗin aikin, amma aka nuna wanda aka ci da mutuncinsa.

Wannan siffa ma ta yi tata tafiyar. A 1797 Napoliyon ya tilasta wa Paparoma ya miƙa ta tare da waɗansu kayayyaki masu daraja, aka kai ta birnin Faris, ba ta dawo ba sai 1816 bayan faɗuwarsa. Da muka ji haka sai muka dubi juna, domin shekara ɗari daidai bayan wannan, a 1897, sojojin Ingila suka kwashe kayan tagulla na fadar Bini. Rum ta jira shekara 19 ta karɓi kayanta. Mutanen Bini kuwa sai a 2022 ƙasar Jamus ta sa hannu a kan mayar wa Nijeriya mallakar waɗanda ke hannunta, yawancin sauran suna nan a waje.

Wuri na ƙarshe shi ne wanda muke so ma'aikata da ke cikin wannan zaure su saurara da kyau. Akwai hanya ta ƙarƙashin ƙasa da ta haɗa gine-ginen biyu, an jera duwatsu masu rubutu a gefenta. Da yawa daga cikinsu duwatsun kabari ne na talakawa: 'yantattun bayi, da masu sana'a, da yara waɗanda iyayensu suka rubuta shekarunsu har da watanni da kwanaki. Jagorar ta karanta mana kaɗan daga Latin, muka tsaya shiru. Waɗannan mutane ba su ci gari ba, ba su hau doki ba, amma ana ambaton sunansu bayan shekara kusan dubu biyu saboda wani ya damu ya rubuta.

Hanyar ta ɓulle da mu cikin wani tsohon gini da ake kira Tabulariyum, wanda aka gina a shekarar 78 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma aka daɗe ana ɗaukarsa a matsayin ma'ajiyar takardun mulkin Rum. Bangonsa na nan daram, amma babu takarda ko ɗaya a ciki. Jagorar ta ba mu labarin gobarar da ta tashi a kan wannan tudu a shekarar 69, lokacin yaƙin basasa, wadda ta cinye allunan tagulla 3,000 masu ɗauke da dokoki da yarjejeniyoyi. Sarki Bespasiyan, da ya hau mulki, ya sa aka bi ko'ina ana neman kwafinsu don a sake rubutawa. Ya gane cewa mulkin da ya rasa takardunsa ba ya iya tabbatar da alkawarin da ya ɗauka ko wanda aka yi masa.

Daga tagogin wannan gini ana hango tsohon dandalin birnin gaba ɗaya. Dab da ƙasanmu akwai ƙofar nasara ta Sarki Septimiyus Seberus, wadda aka gina a 203. Shi wannan sarki ɗan Afirka ne, an haife shi a Leptis Magna, cikin ƙasar Libiya ta yau. A kan ƙofar da farko akwai sunayen 'ya'yansa biyu. Bayan rasuwarsa a 211, babban, wato Karakala, ya sa aka kashe ƙanensa Geta, ya kuma sa aka kankare sunansa daga dutsen aka rubuta waɗansu kalmomi a gurbin. Amma ramukan ƙusoshin da suka riƙe haruffan farko sun rage, ta kansu masana suka karanto abin da aka so ɓoyewa.

'Yan uwa, da muka sauko daga tudun muka zauna muka lissafa abin da muka gani. Doki ɗaya ya tsira saboda kuskure, sauran sun tafi tukunyar maƙera. Siffar sarki ta tafi saboda kwaɗayin tagulla. Allunan dokoki sun dawo saboda wani shugaba ya ba da umurni, waɗansu akawuna kuma suka zauna suka kwafa. Babu abin da ya kai gare mu don kyansa kaɗai. Ko dai sa'a ta cece shi, ko kuwa wani mutum ya ɗauki adana shi a matsayin aikinsa. Sa'a kuwa, kamar yadda lissafin dawakan nan ya nuna, ɗaya take ceta cikin ashirin da biyu.

Mu ma muna da namu. Muna da siffofin yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara cin karo da su, muna da gidan kayan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, da Gidan Makama a Kano, da ma'ajiyar takardun ƙasa a Kaduna. Muna da ganuwa da ake ɗiban ƙasarta don yin bulo, kamar dai yadda Rumawa suka ƙona farin dutsensu. Muna da littattafan kakanninmu na ajami a cikin gafaka, da fayilolin ofis da aka jibge a ɗakin da rufinsa ke yoyo, gara na ci. Cikin shekaru kaɗan waɗansu daga cikinmu ne za su riƙe mabuɗin irin waɗannan ɗakuna, su ne kuma za a kawo wa takarda a ce su sa hannu a ƙone tsofaffin fayiloli don a sami wuri. Muna roƙon duk wanda wannan rana ta zo masa ya buɗe fayil ɗin ya karanta tukuna.

Muna kuma ba ƙungiya shawara ta shirya ziyara zuwa ɗaya daga cikin gidajen kayan tarihinmu kafin ƙarshen wannan zango, ƙungiya-ƙungiya, kada kowace ta wuce mutum goma, tare da masani da za a iya tsayarwa a yi masa tambaya. Mu biyar ɗin nan a shirye muke mu fara ba da namu karo-karon.