Daga Ƙofar Gida Zuwa Teku: Magana a Kan Leda

Kafin a buɗe akwatin zubi, ina so mu ɗan tattauna a kan leda.

Wata za ta ce, ina mu ina teku? To, ku ji. Ledar fiya wata da aka yar a ƙofar gida, damina na zuwa ruwa zai kwashe ta zuwa kwata, kwata ta kai ta rafi, rafi ya kai ta kogi. Kogin Rima da Kogin Kaduna duk cikin Kogin Kwara suke zuba. Gongola na zuba a Binuwai, Binuwai ya haɗu da Kwara a Lokoja, su gangara har Tekun Atlantika. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kusan tan miliyan 11 na roba ke shiga teku duk shekara.

Leda ba ta ruɓewa kamar ganye. Rana da ruwa marmashe ta suke yi, ta koma ƙanana ƙanana. Kunkurun teku da tsuntsaye su ɗauka abinci ne su haɗiye, ta toshe musu ciki. Kun san yadda akuya take ramewa idan ta ci leda, ko ba haka ba? Haka abin yake a can. Kifi ma yana haɗiyar marmashin, kuma masu bincike sun same shi a cikin kifin teku da gishirin teku. Kun ga abin da muka yar yana iya dawowa tukunyarmu.

Ruwanda ta hana amfani da leda tun 2008, Kenya a 2017. Mu ma akwai abin da ke hannunmu:

Ranar kasuwa, a tafi da kwando ko jakar yadi.

Kada a hura wuta da leda, hayaƙinta na cutar da ƙirji, musamman na yara.

Kowace ta tara gorunan roba a buhu. Idan sun yi yawa mu sayar wa 'yan jari bola, kuɗin ya shiga asusun ƙungiya.

Kafin damina ta sauka, mu sa rana mu yashe kwatar unguwa.

Yanzu mu zaɓi mata biyu da za su riƙa karɓar buhunan, magatakarda ta rubuta sunayensu. Allah Ya ba mu iko.