Gwaggo Mai Ƙuli: Tunawa da Wata Ma'aikaciyar Mai a Ƙasar Maraɗi

 

Da aka ce zan yi magana a kan mace da masana'antar mai, na san inda hankalin jama'a zai tafi. Zai tafi rijiyoyin Agadem, da matatar SORAZ ta kusa da Damagaram wadda aka buɗe a watan Nuwamba na 2011 don tace ganga 20,000 a rana, da bututun nan mai tsawon kusan kilomita 2,000 da ya ratsa jiharmu ya nufi gaɓar teku a Benin, inda aka fara lodin ɗanyen manmu a 2024. Akwai 'ya'yanmu mata da ke aiki a waɗannan wurare, kuma ranar ba da tarihinsu tana nan zuwa. Ni yau baya zan koma, zuwa ga man da ya riƙe ƙasar nan kafin yuraniyom da fetur, wato man gyaɗa, da wata mata da ta ƙare rayuwarta a kan aikinsa. Yayar mahaifina ce. A gidanmu ba a kama sunan babba, Gwaggo muke ce mata, haka zan kira ta a nan. An haife ta a wani ƙauye na ƙasar Gazawa tun zamanin Nasara, aure ya kai ta ƙasar Agye, tsufa kuma ya riske ta a gidan ɗanta a Gidan Runji, inda Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Gyaɗa ta daɗe a gonakinmu, amma Turawa ne suka mai da ita hanyar kuɗi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ba a jima ba gyaɗar ƙasar Hausa ta kama hanyar Legas, daga can sai Turai. A wannan ɓangaren iyaka Faransa ta ɗora wa talaka lanho, harajin da ake biya da tsabar kuɗi, kuma abin da ke kawo tsabar kuɗi a lokacin gyaɗa ce. Kamfanoni irin su CFAO da SCOA suka kafa sikeli a Maraɗi da kasuwannin kewaye, dillalai suka bazu cikin ƙauyuka. Tun a shekarun 1940 aka kafa Siconiger a Maraɗi don matse mai da inji. Bayan samun mulkin kai, gwamnatin Diori Hamani ta kafa Sonara a 1962, ta danƙa mata fitar da gyaɗa zuwa waje. A tsakiyar shekarun 1960, fiye da rabin abin da Nijar ke sayar wa duniya gyaɗa ce da manta.

Wannan tarihin an rubuta shi. Emmanuel Grégoire ya wallafa littafi a 1986 a kan Alhazan Maraɗi da yadda da yawansu suka faro arziki daga sayen gyaɗa. Barbara Cooper ta zauna da matan Maraɗi, ta fitar da nata littafin a kan aure a 1997, kuma a ciki an ji muryar mata. Sai dai lissafin hukuma abin da ya hau sikeli yake ƙirgawa. Gyaɗar da ta tsaya a gida, aka soya ta, aka niƙa, aka matse, aka sayar da manta ludayi-ludayi a ƙofar gida, ba ta da shafi a rajista. Mutanen Cadawa da Gangara da Tsibiri da Cadakori kuwa da wannan man suke miya, da shi ake toya ƙosai da waina, da shi ake yi wa jariri tausa.

Bari in nuna muku aikin kamar yadda na gan shi ina yaro, don yawancin ɗalibanmu ƙuli kawai suka sani a leda.

Tun da asuba ake hura wuta. Gyaɗar da aka ɓare jiya ake zubawa a babban kasko tare da rairayi, a yi ta juyawa da ɓallin ƙwarya. Nan gwaninta take, domin in suya ba ta kai ba mai ba ya fita sosai, in kuma ta wuce sai man ya yi duhu, ƙulin ya yi ɗaci. Gwaggo ba ta da agogo. Takan ɗauki ƙwaya ɗaya ta murza tsakanin yatsu, in jan ɓawon ya saki cikin sauƙi kuma cikin ya yi launin ƙasa-ƙasa, sai ta ce a sauke. A baza ta huce, a murje, a fece a faifai. Kafin injin niƙa ya zo ƙauyen, a kan dutse ake niƙa ta, a durƙushe, har gwiwa ta yi kanta. Sannan a zuba markaɗen cikin turmi, a riƙa tarfa ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana tuƙawa da taɓarya. Da fari abin sai ya ƙara tauri kamar ba za a samu komai ba, mai tuƙi ta yi sharkaf da gumi. Can sai ka ga fuskar markaɗen ta soma ƙyalli, tunkuza ta haɗe wuri ɗaya, mai ya taso a gefe. A kwashe da ludayi, a matse sauran da hannu a kan allon katako da aka jingine. Tunkuzar a sa mata gishiri, wani lokaci da barkono, a mulmula ta ko a murza ta kamar zobe, a toya ta cikin man nata. Wajen toyawar ma wani man yake ƙara fita, shi ya sa kaskon ƙuli ke ƙaruwa maimakon ya ragu.

Masana sun ce kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne. Hannu ba ya iya fitar da shi duka, amma babu abin da ake zubarwa. Man da ya rage cikin ƙuli shi ke sa kwaɗon zogale da na rama daɗi, shi ke riƙe yajin mai tsire da na mai kilishi. Ɓawo ya tafi murhu, harawa ta tafi wurin tumaki.

Abin da nake so masu nazarin tattalin arziki a cikinku su lura da shi, shi ne yadda take tafiyar da kuɗinta. Gwaggo ba ta yi boko ba, ba ta iya rubuta jikka ɗaya a takarda. Amma da kaka, lokacin da manomi ke neman kuɗi ido rufe, gyaɗa ta yi arha, sai ta saya tiya-tiya ta cika buhuna ta ajiye. Ba ta matsa aiki sosai sai bazara ta yi nisa, farashi ya tashi. Ta sha faɗa mana cewa kuɗin mai na uwar kuɗi ne, ba a taɓa shi ko da ana yunwa a gidan, ƙuli shi ne ribarta, da shi take cefane da biki da zubin adashi. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Tana da mata masu yi mata ɓara da tuƙi, tana biyan wasu da kuɗi, wasu da tunkuza. Mai tsire da masu ƙosai sukan ɗauki kaya bashi, su biya in kasuwa ta watse. A bayan ƙyauren ɗakinta akwai zane-zanen gawayi, kowane mai bashi da layinsa, in ya biya ta shafe da yatsa. Mai sayen kayan aiki a kan kari, ya adana, ya ɗauki ma'aikata, ya ba da bashi, ya raba jari da riba, ai mai masana'anta ne, ko da rumfar kara yake aiki a ciki. Da wannan sunan nake so a tuna da ita.

Sai duniya ta juya. Fari ya zo a farkon shekarun 1970, ya yi tsanani a 1973 da 1974. A 1975 kuma wata cuta da ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye ke yaɗawa ta faɗa wa gyaɗa, ta nannaɗe ganyenta ta tsumburar da ita, daga nan har Kano. Iri ya ɓace a hannun mutane. Manoma suka karkata ga wake, wasu ga aya da riɗi, kamar yadda muke gani yau a ƙasar Cadawa da Agye da Gazawa. Hankalin gwamnati ya koma kan yuraniyom na Arlit. Sonara ta durƙushe, sai sunanta a jikin bene a Yamai. Injinan Maraɗi suka rasa isasshiyar gyaɗar da za su ci, domin babban inji ba ya tashi a kan buhu biyu.

Turmi kuwa yana tashi a kan tiya biyar. A shekarar El Buhari, 1984, lokacin da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya, na ga Gwaggo ta sayar da awakinta ɗaya bayan ɗaya, amma ba ta sayar da kasko ba. Ta rage aiki, ta ƙanƙanta ƙulin, ta ci gaba. Ba ita kaɗai ba ce. Dubban mata daga Gulbin Kaba zuwa Gulbin Maraɗi haka suka yi, kuma su ne suka sa manomi bai daina shuka gyaɗa gaba ɗaya ba, don ya san in ya kai kasuwa akwai mai saye. Da CARE ta fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar nan a 1991, tsarin asusu da ramce da daga baya ya bazu zuwa ƙasashe masu yawa, ta tarar da mata da suka riga suka san zubi da ranar biya. Da yawa daga cikin masu ɗaukar ramcen, gyaɗa suke saye da shi.

Ba zan ɓoye muku abin da aikin ya ci ba, don wanda ke ƙaunar mutum ba ya rufe ido a kan wahalarsa. Hayaƙi ya cinye mata idanu, tari bai rabu da ita ba a ƙarshen rayuwarta. Bayanta ya sunkuya tun kafin shekarunta su kai. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne 'yan matan gidan. Su ke ɗaukar faranti su zaga gari da tallar ƙuli, da ribar ake tara musu kayan ɗaki, kuma saboda tallar ba su zauna a aji ba. Mun tashi tare da su, wasu sun fi ni kaifin kai nesa ba kusa ba. Ni aka sa makaranta, kuma wani ɓangare na kuɗin littattafaina daga farantin da ke kansu ya fito. Wannan bashi ne a wuyana da wuyan maza da yawa da ke zaune a ɗakin nan.

Matan da suka gaji sana'ar yau suna fama da abin da Gwaggo ba ta gani ba sai a ƙarshe. Man ja da aka tace, mai zuwa cikin jarka daga Maleshiya da Kodebuwa, ya cika kasuwa, kuma sau da yawa ya fi man gyaɗa arha. Itace ya yi tsada. Ƙasa ta yi wa mutane kaɗan a kudancin Maraɗi, har gamanar da ake yankar wa mace ta noma abinta ta ƙanƙance, a wasu gidajen ma ta ɓace. Marthe Diarra da Marie Monimart sun yi rubutu a kan yadda ake fitar da mata daga noma a wannan yankin. Macen da ba ta da gona, duk ƙwayar da za ta matse sai ta saya. Ga kuma dafin da ke fitowa daga fumfuna idan gyaɗa ba ta bushe da kyau ba, wanda likitoci ke kira aflatoksin, mai lalata hanta. Yawancinsa a tunkuza yake tsayawa, ƙulin kuma yaranmu ne ke ci. Tsofaffi irin Gwaggo sukan zauna su tsince ruɓaɓɓiyar ƙwaya da mai ɗaci kafin suya. Mai sauri, wadda bashi ya matsa wa, ba kullum take tsayawa tsinta ba.

Ina da roƙo ga malamanmu na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da masu bincike na INRAN a Tarna. Ana kawo injinan matse mai cikin ƙauyuka, abu ne mai kyau, yana hutar da baya da kafaɗa. Amma a duba a hannun wa injin yake tsayawa. Na ga garin da injin ya zo, sana'ar ta fita hannun matan da suka riƙe ta tun kakanni, suka koma masu jiran layi su biya kuɗin niƙa da na matsa ga mai jari. In za a ba da inji, a ba ƙungiyar masu aikin, a koya wa 'ya'yansu gyaransa, a haɗa da murhun da ba ya cin itace da yawa, da tabarmar shanya da ke raba gyaɗa da danshin ƙasa.

Ku kuma ɗalibai, akwai wayar salula a aljihun kowannenku. Sa'o'in Gwaggo sun kusa ƙarewa, amma akwai saura a Agye da Gazawa da Gidan Runji. In kun je hutu, ku durƙusa ku gaishe su, ku nemi izini ku ɗauki maganarsu. Ku tambayi kowaccensu nawa take sayen tiya kafin fari, nawa bayansa, wa ya fara ba ta jari, wace shekara injin niƙa ya zo garinsu, me karyewar darajar sefa a 1994 ta yi wa cinikinta, kuma cikin 'ya'yanta mata su wa suka yi talla, su wa suka yi karatu. Ku rubuta da Hausa yadda ta faɗa, ku kawo wa sashen tarihi ya adana.